Garaya a cikin sujada

Ɗan'uwa, kana tambaya ko ka shigo da garaya cikin waƙoƙin sujada a ikkilisiyarku ta ƙauye a Sumaila, alhali dattawa sun ƙi. Ka haƙura da ita tukuna, ko da yake garaya ba zunubi ba ce.

A garinmu na ga wata tsohuwa da ta daɗe da barin bori, ana fara kaɗa garaya jikinta ya ɗau rawa, ta fice tana kuka, domin da wannan kiɗan ake kiran iskoki a gidan ubanta. Irin wannan tuntuɓen Manzo Bulus ya hana a Romawa sura 14 cikin Littafi Mai Tsarki, inda ya ce gara a bar nama da ruwan inabi in za su sa ɗan'uwa tuntuɓe. Ka kaɗa ta a taron matasa, ranar Lahadi kuwa ganga da tafi sun isa har sai dattawan sun yarda da kansu.