Tambaya da Amsa: Gidan Kimiyyar da Ake Taɓa Kayansa

Tambaya: Ni malamar kimiyya ce a wata makarantar sakandare a Zariya. Na ji cewa a wasu manyan biranen duniya akwai gidajen baje kolin kimiyya da ake barin yara su taɓa kaya, su murɗa, su gwada da hannunsu. Ta yaya ake tafiyar da irin wannan wuri kayan ba su lalace ba, kuma daga ina kuɗin yake fitowa?

Amsa: Malama, kayan suna lalacewa, kuma masu gidan sun san da haka tun kafin su buɗe ƙofa. Misalin da ya fi dacewa shi ne Exploratorium na birnin San Faransisko a Amurka, wanda Frank Oppenheimer ya kafa a 1969. Masanin fiziks ne, ƙanin Robert Oppenheimer da ya jagoranci ƙera bam ɗin nukiliya na farko. Bayan an raba shi da aikin jami'a a 1949 saboda tsohuwar alaƙarsa da jam'iyyar kwaminis, ya yi kiwon shanu a jihar Kolorado, sannan ya koyar a makarantar sakandare kamar yadda kike yi.

A ganina, ginshiƙin gidan shi ne ɗakin ƙere-ƙerensa, wanda aka ajiye a fili inda baƙi ke kallon ma'aikata suna aiki. A nan ake ƙera yawancin kayan, kuma akan fitar da sabon abu tun bai kammala ba, a zuba ido a ga yadda yara za su sarrafa shi, inda ya gaza a mayar da shi a sake. Tun da wanda ya ƙera yana kusa, gyara ba ya jiran injiniya daga wata ƙasa. Akwai kuma 'yan sakandare da ake ɗauka aiki, ana biyansu, suna zagayawa suna taimaka wa baƙi.

Batun kuɗi ya fi wuya, domin kuɗin shiga kaɗai ba ya riƙe gida. Ana haɗawa da tallafin hukumar kimiyya ta ƙasar Amurka, da gudummawar masu hannu da shuni, da kuɗin rajistar mambobi, da ƙera kaya don sayar wa wasu gidajen; da daren Alhamis ma akan buɗe wa manya zalla. Duk da haka, da gidan ya koma sabon mazauninsa na bakin teku a 2013, baƙi ba su kai yawan da aka yi tsammani ba, sai da aka rage ma'aikata a shekarar.

Shi kansa ginin ma yana cin kuɗi. Cibiyar Kimiyya ta Ontariyo da ke Toronto a Kanada, wadda ita ma aka buɗe a 1969, an rufe ta a watan Yunin 2024 bayan rahoton injiniyoyi ya nuna cewa wasu sassan rufinta suna iya ruftawa.