Tambaya da Amsa: Na saka Linux, to yanzu me zan ɗora a kai?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan shagon buga takardu a Kabuga, yawanci ɗalibai ne ke kawo min furojet sai masu katin biki. Kwamfutar tawa tsohuwa ce, ram ɗinta giga 4, da aka ce Windows 10 ta daina samun gyara sai wani yaro ya saka min Linux Mint, yanzu gani nan ina kallonta tana kallona. Waɗanne manhajoji zan ɗora? Daga mai karatu a Kabuga, Kano.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Yaron nan bai cuce ka ba, tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta janye hannunta daga Windows 10, ita kuwa Mint 22 za a ci gaba da kula da ita har 2029.

Kafin ka taɓa komai buɗe Timeshift, yana nan ciki dama, ka sa ya ɗauki hoton yadda tsarin yake, ranar da aka ɗauke wuta kana tsakiyar sabuntawa abu ya rikice da shi za ka dawo baya.

Aikin taifin kuma LibreOffice ne, ya zo tare da Mint, Writer a madadin Word, Calc a madadin Excel, kuma yana buɗe docx lafiya lau. Amma ga inda mutane ke faɗawa rami: ɗalibi ya kawo furojet malaminsa ya ce Times New Roman lamba 12, kai kuma babu wannan rubutun a na'urarka, sai manhajar ta musanya da wani makamancinsa, wani lokacin teburi ya goce ko shafi ya zame, gobe yaro ya dawo yana maka ƙorafi a gaban kwastomomi. Saka ttf-mscorefonts-installer tun yau, shi ne ke kawo rubutun Microsoft irin su Times New Roman, kuma duk abin da ka gama ka fitar da shi PDF kafin ka miƙa.

Katin biki ne zan faɗa maka gaskiya ko ba daɗi. CorelDraw ba ya da na Linux. Inkscape yana zane mai kyau, yana ma iya buɗe wasu fayilolin cdr na CorelDraw amma ba kullum suke fitowa daidai ba, sannan masu babban inji tsarin launin bugu na CMYK suke so, can kuma manhajar Scribus ta fi shi. In katin ne ke kawo maka kuɗin cefane, ni dai da ni ne zan ajiye Windows a gefe saboda shi kawai, kar wani ya zuga ka da Wine, manhajar da ke kunna manhajojin Windows a kan Linux, wahala ce. Gyaran hoton fasfo GIMP ya wadatar.

In firintarka HP ce nemi HPLIP, manhajar da ke sa ta aiki a Linux. Bidiyo VLC, shikenan. Sai KDE Connect na turo fayil daga waya in kuna kan wayifai ɗaya, ba ya cin data. Ka kuma ƙara allon rubutu na Hausa a saitin kibod, akwai shi, don ƙ da ɗ da ɓ su fito a katunan mutane yadda ya kamata, wallahi abin na damuna in ga an rubuta sunan amarya ba ƙugiya.

Wurin ɗaukowa kuwa, tsaya a Software Manager, wato shagon manhajoji na Mint, ka bar bin shafuka kana kwaso abubuwa irin na da. A ciki za ka ga manhaja ɗaya kashi biyu, ta tsarin da kuma Flatpak, wadda ke zuwa da nata kayan aikin daban, ɗauki ta tsarin, Flatpak ɗin farko sai ya janyo ɗaruruwan mega kafin ya zauna, datarka ce za ta ji a jikinta. Kuma da giga 4 ɗin nan in ka ga tana jan ƙafa ka ce wa yaron ya mayar maka ita Xfce, wato nau'in Mint mara nauyi.