Saƙonsa kullum gajere ne, girman kai ne?

Tambaya: Anti barka da aiki. Wani ne ke nemana da aure, amma in na tura masa dogon saƙo a WhatsApp sai ya ce "to" ko "ba damuwa" kawai. Ƙawata ta ce girman kai ne. Wai da gaske ana gane hali daga rubutu?

Amsa: Ƙanwata ana ganewa, amma ba daga tsawon saƙo ba, wani tun asali maganarsa kaɗan ce, wani kuma taipin ne ke ba shi wahala, in kin kira shi sai ki ji hira kamar ba shi ba. Ki duba kalmomin da yake zaɓa ranar da kuka saɓa. "Yi haƙuri, laifina ne" yake rubutawa ko "ai ke kika jawo"? In kin ce ba ki da lafiya, yana dawowa ya tambayi jiki washegari? Kuma ko da kin ga yana yawan cewa "ni", kar ki yi saurin hukunci cewa girman kai ne, masanin halayyar ɗan Adam na Amurka James Pennebaker ya gano masu yawan cewa "ni" a rubutu sau da yawa damuwa ce ke cinsu. Ki kira shi ku yi magana, ki faɗa masa gajeren saƙon nan yana damunki.