Amsar Yaya ga Auta kan maganar sola

Ga muryar da Yaya ya turo zauren gida, na rubuta ta saboda masu ƙarancin data.

Assalamu alaikum 'yan gida, da fatan an wuni lafiya. Auta, na ji saƙonki tun da hantsi, ina wurin aiki ne shi ya sa ban amsa ba. Kin ce masu haɗa sola biyu sun zo sun duba gidan, ɗaya ya yi muku lissafi mai tsada, ɗayan ya ce zai yi a kusan rabin kuɗin, kuma maigidan naki ya karkata ga mai arhar. To ki kunna masa wannan ya ji da kunnensa.

Kafin ku zaɓi ko ɗaya, ku ajiye takardun nan biyu tukuna. Ki ɗauki biro ki zaga gidan, duk abin da ake jonawa da wuta akwai 'yar takarda manne a bayansa ko a gindinsa, an rubuta lamba da harafin W, wato wat, ma'aunin ƙarfin wutar da abin yake ja. Ki rubuta lambar, ki rubuta awa nawa abin yake yi a kunne, musamman daga magariba zuwa wayewar gari. Don kuɗin sola, Auta, dare ne yake cinye shi. Da rana farantan suna ba ki wuta kai tsaye, amma duk abin da za ki kunna da dare sai an adana shi a batir, kuma batir ne ya fi komai tsada a haɗin.

Bari in yi miki da fanka ki gani. Fankar sama irin tamu ta da tana jan wat 70 zuwa 75. Kuna da huɗu, a lokacin zafi kowacce ta yi awa 10, in kin ninka wat da awa da yawan fankokin, kin ga wat-awa 3,000 ke nan. Fankar DC ɗin nan ta zamani, mai aiki da irin wutar batir, wat 30 take ja ko ƙasa da haka, huɗu a awa 10 ya zama 1,200. An rage 1,800. Shi kuwa batirin ruwa, dogon nan mai 200Ah, abin da yake ɗauka wat-awa 2,400 ne, kuma rabi kawai ake so a ja in ana son ya yi ƙarko, wato 1,200. Kin ga canza fanka huɗu ya rage miki sayen batir ɗaya da rabi. Ki je ki tambayi kuɗin fanka, ki tambayi kuɗin batir, sai ki dawo mu yi magana. Nan arhar take. Ƙwan fitila ma haka, duk a mayar LED.

Dutsen guga, injin jan ruwa, hita, waɗannan ba su da hurumi da dare. Guga kaɗai wat 1,000 ne ko fiye. A yi guga da tura ruwa tanki tsakanin sha ɗaya na safe da ukun rana. Firiza ta sha wuta tun safe, in an yi isha'i a kashe ta a daina buɗewa, wallahi har asuba ƙanƙararki na nan. Ni a gidana rigimar da muka fi yi da yayarki ke nan, gugar kayan makaranta da asuba. Sai da inbata, na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, ta yi ta kuka tana ɗauke wuta sannan aka yi sulhu.

Kai, ku rage ƙarar talabijin ɗin nan, ina magana.

Yauwa, batir. Ina kyautata zaton a nan bambancin lissafin mutanen nan biyu yake. Ki duba, mai tsadar wataƙila lithium ya rubuta, mai arhar kuma na ruwa. Lithium ana iya jan kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari nasa, ba ruwanki da zuba masa ruwa, kuma yana shekaru masu yawa. Guda ɗaya mai 5kWh, wato wat-awa 5,000, ya ishi fanka huɗun nan, fitilu, talabijin da cajin waya har gari ya waye, da saura. Na ruwa ba laifi ba ne in aljihu bai kai ba, amma a san yana son ruwan batir a kan kari, yana son ɗaki mai iska, kuma zafin Kano na Afrilu ba ya raga masa.

Abin da nake roƙonku da girman Allah, kada ku sayi batir na hannu. Ni na yi. Bayan an cire tallafin mai a watan Mayun 2023, da kuɗin fetur ya gagare ni a janareta, na yi gaggawa. Wani ya kawo min guda biyu, an goge su suna ƙyalli, har da sabuwar takarda a jiki, ya ce daga wani ofis aka cire su, ba su yi aiki ba. Watan farko lafiya lau. Kafin wata na biyar, ƙarfe ɗayan dare fanka ta tsaya, sai kukan sauro. Da muka zo ɗaga su za mu fitar, ni kaɗai na ɗauki ɗaya ba nishi. Batir mai 200Ah na gaskiya ya haura kilo 50, sai mutum biyu. Ashe tun ranar da aka kawo su ya kamata in ɗaga in ji. Arha ba ta ado, na biya kuɗin batir sau biyu.

Farantai kuma su ne ɓangaren da ya fi sauƙi yanzu, kada a yi musu ƙwauro. Mu nan Arewa Allah ya hore mana rana, muna samun kamar awa 5 zuwa 6 na rana mai ƙarfi. Faranti mai wat 550, in an cire asarar zafi da ƙura da waya, ki ƙaddara zai ba ki wajen 2,000 a wuni. Huɗu sun ishe ku farawa, daga baya a ƙara. Sai dai a kasuwa, ko Sabon Gari ne ko masu kawowa daga Alaba, za ku ga na kamfanonin Jinko, Longi, JA, Canadian Solar, kuma akwai na gaske akwai wanda takardar kawai aka liƙa. Mai wat 550 babba ne, tsayinsa ya haura mita 2, faɗinsa ya ɗan wuce mita 1, nauyinsa kusan kilo 27. In aka nuna muku ɗan ƙarami aka ce 550 ne, ku yi gaba. Maigidan ya je da mai haɗin, a fito da farantin rana tsaka a sa mita a gabansa, ya kamata ya nuna kusa da 49 ko 50 a volt, kamar yadda aka rubuta a bayansa.

Inbata ita ce ba na so a saya ƙarama don gudun kuɗi, saboda faranti ana ƙarawa, ita kuwa sai dai a canza gaba ɗaya. A nemi haibrid, wato mai karɓar wutar sola da ta NEPA, mai MPPT a ciki, wato abin da ke daidaita cajin batir daga farantai, kuma a tambayi mai haɗin ko farantai huɗun sun kai ƙarfin da take buƙata kafin ta fara caji, don wasu ba sa tashi da faranti biyu.

Sai wurin da masu arha suke cin ribarsu ba a gani: waya da kayan kariya. Ki duba takardarsa, ya rubuta waya mai kauri 4mm ko 6mm ta sola? Jan ƙarfe ce zalla ko alminiyon da aka shafa wa ja? A kankare bakinta da wuƙa, in cikin fari ne a mayar masa. Ya sa bireka, abin da ke yanke wuta in ta yi yawa, tsakanin farantai da inbata, da tsakanin batir da inbata? Ya sa abin kariyar tsawa, ya kafa ƙarfen at, mai zubar da rarar wuta, a ƙasa? In babu waɗannan a lissafinsa, to shi ya sa ya zo da rabin kuɗi.

A kan rufi kuma, farantan su kalli kudu, a ɗan kishingiɗe su kamar digiri 10 zuwa 15, a bar sarari tsakaninsu da kwano iska ta riƙa ratsawa. Darbejiyar nan ta bayan ɗakinku, ku lura inda inuwarta take faɗawa da la'asar, don inuwa a kan faranti ɗaya tana ja wa sauran. A ɗaure da ƙarfe da noti a jikin katakon rufin, ba da wayar ɗauri ba, kin dai san iskar farkon damina. Duk hudar da aka yi a toshe ta. Lokacin hunturu a riƙa wanke su duk sati da sassafe ko da yamma, kada a watsa ruwan sanyi a gilashi da tsakar rana.

Kuɗin aiki kada a biya duka sai haɗin ya kwana biyu yana aiki, kuma rasit da takardar garanti su zauna a hannunku, da sunan maigidan. Farashi ba zan faɗa ba, yana bin dala ne, wanda na sani na bara ne.

Ki ɗauko min hoton takardun biyu, da na bayan firizar da injin ruwan, ki turo min ta gefe. An kira magariba, in na dawo masallaci zan duba. Ki gaida yaran.