Odysseus da Ulysses, sarki ɗaya ne ko biyu?

Malam, ka tambaya ko Odysseus da Ulysses sarakuna biyu ne. A'a, mutum ɗaya ne: sarkin tsibirin Itaka a tatsuniyoyin Girkawa, mai dabarar dokin katakon da mayaƙan Girka suka ɓuya a ciki suka ci birnin Troy, wanda ya shekara 10 a hanya kafin ya isa gida bayan wannan yaƙin.

Odysseus shi ne yadda mawaƙi Homa ya kira shi. Amma Girkawa ba bakinsu ɗaya ba. A jikin wasu tsofaffin tukwanensu an rubuta Olyteus ko Olyseus, da "l" a gurbin "d". Irin wannan lafazin ne ya tsallaka Italiya, Romawa suka mai da shi Ulixes a Latin. Ulysses kuwa daga baya ya fito, shi Ingilishi ya ɗauka. Ni dai Odysseus nake rubutawa, tunda sarkin Bagirke ne.