Amsa ga Hajiya kan tafiyar lambun Japanawa na Kildare

Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya saka da alheri da wannan ɗawainiya. Kin ce ƙungiya na son ɗaukar shatar bas daga Dublin a je lambun Japanawa na Kildare, nan Ireland, a wuni a dawo, kina tambaya ko wurin ya ci kuɗinsa, ko za a iya zuwa da yara da iyayenmu da suka zo ziyara daga gida, da kuma wane wata ya fi. Ki ƙara da wadda wani ɗan'uwa ya jefo a ƙasa, cewa ko wurin bauta ne. Zan faɗi abin da na gani da idona, sauran waɗanda suka je su cike.

A je, wurin ya cancanta. Amma a san abin da za a je gani, don wanda ya tafi da tunanin zai tarar da makeken fili mai ciyawa inda za a baza tabarma yara su yi ta guje-guje, zai dawo yana ƙorafi. Lambun ƙarami ne. Mai sauri zai iya gama shi cikin minti 20 ya fito yana tambaya ko shi ke nan. Ba don gudu aka yi shi ba, labari ne aka shimfiɗa a ƙasa, kana takawa kana karantawa.

Lambun yana cikin gonar kiwon dawaki ta gwamnati, Irish National Stud, a Tully, gefen garin Kildare. Wani attajiri, Kanar William Hall Walker, ya sayi gonar a 1900, sannan ya ɗauko wani Bajapane mai suna Tassa Eida ya tsara masa lambun. Daga 1906 zuwa 1910 Eida yana wannan aiki da ma'aikata wajen 40, aka yi ta jigilar fitilun dutse da tsirrai daga Japan. Abin da ya tsara shi ne rayuwar ɗan Adam tun daga haihuwa har kabari, kowane mataki da lambarsa. Akwai takardar bayani da ke bin lambobin. Don Allah kowa ya riƙe tasa, domin in babu ita duwatsu da ruwa da bishiyoyi kawai za ka gani.

Ana shiga ta wata ƙofa da suke kira ƙofar mantuwa, sai kogon haihuwa, sai wani rami mai duhu da aka sa wa suna ramin jahilci, wato ƙuruciya, lokacin da yaro bai san gabas ba bai san yamma ba. Ramin nan da gaske duhu ne, ƙasan da danshi, kana lalube da hannu a jikin dutse mai sanyi har sai haske ya ɓullo maka a gaba. Kana fita sai matakala su tasa ka sama zuwa tudun ilimi. Daga nan hanya ta gangara ta kai ka inda na fi so a duk lambun, mararrabar da hanya ta rabu uku: ɗaya shimfiɗaɗɗiya mai daɗin tafiya ta masu holewa, ɗaya siririya ta gwauro wadda mutum ɗaya kaɗai take ɗauka, ta ukun kuma duwatsu ne a jere cikin ruwa, sai ka taka ɗaya bayan ɗaya, ita ce mai kaiwa ga aure. A nan ayarinmu ya tsaya cak. Matan aure suka tasa samarin da ke cikinmu a gaba sai sun bi ta duwatsu, wani dattijo kuma ya tsaya yana kallon siririyar hanyar ya ce da ya sani. Uwargidansa na bayansa. Dariyar da aka yi a wurin ita kaɗai ta biya kuɗin mota.

Gaba akwai gadar baiko da ta aure, da tudun buri wanda hawansa ke sa numfashi sama-sama, da rijiyar hikima, da ɗakin shan shayi irin na Japan, da jar gadar nan da kowa ke ɗaukar hoto a kai, wadda suke kira gadar rayuwa. Can ƙarshe kujerar tsufa, tudun makoki, sai ƙofar fita. Na lura mutane kan shiga da hayaniya, amma daga kujerar tsufa zuwa ƙofa murya kan yi ƙasa ba tare da an ce kowa ya yi shiru ba.

Ga ɗan'uwa mai tambayar bauta: ni ban ga ana bauta wa komai a wurin ba, babu mai cewa ka rusuna ko ka yi wata al'ada. Lambun attajiri ne da aka yi don ƙawa, a zamanin da masu kuɗin Birtaniya da Ireland ke yayin kayan Japan. Mutum ya shiga ya yi tafakkuri da nasa imanin ya fito.

Yanzu abin da ya shafi bas, kuma nan ne shiri ke lalacewa. Hanyoyin lambun ƙunci gare su, wasu wuraren mutum ɗaya ke wucewa. In kuka sauke mutum 50 kuka tura su lokaci guda, za a yi cunkoso irin na bakin rijiya da rani, na gaba na hoto, na baya na tsaki. Ku raba jama'a tun cikin mota, mutum takwas zuwa goma, kowane rukuni da wanda zai riƙa karanta takardar yana fassara wa iyaye da Hausa. Rukuni biyu su fara da lambu, sauran su nufi dawaki, sannan a yi musanya.

Batun iyaye kuwa, gaskiya ɗaya ce. Akwai matakala na dutse, akwai gansakuka, kuma kin san ƙasar nan, ruwa ba ya sallama kafin ya sauko. Mai ciwon gwiwa ko mai keken guragu ba zai iya bin hanyar gaba ɗaya ba, keken jarirai ma sai dai a ajiye a goya yaro. Kada a matsa wa tsohuwa sai ta shiga rami. Ɓangaren dawaki ya fi sauƙin takawa, akwai kuma lambu na biyu, na St Fiachra, da aka yi a 1999, mai tafki da sarari. Hajiyoyi masu doguwar abaya su ɗan tattare ta, a bar takalmi mai tsini a gida. Yara kuma a riƙe hannunsu, ruwa na ko'ina.

Ni dai a ganina kuskure ne a kira tafiyar ta lambu kaɗai. Bahaushe da doki ba sai an faɗa ba, kuma yawancin mazan da suka shiga mota suna gunaguni, a bargar ingarmu aka rasa yadda za a fito da su. Waɗannan ba irin dawakinmu na hawan sallah ba ne da ake ƙawata su da lifidi da kayan ado. Dogaye ne, sirara, an haife su don tsere kawai. Akwai zagaye da jagora mai bayani, ku tambayi lokacinsa sa'ad da kuke kama wuri, ku gina sauran shirin a kansa. A nan za ku ji cewa shi Hall Walker ɗin mutum ne mai duba taurari: in aka haifi duƙushi sai a lissafa masa tauraro, in bai yi kyau ba a sayar da shi komai asalinsa, har tagogi ya sa aka huda a rufin barga don hasken wata da taurari ya sauka a kan dawaki. Mu da ake ce wa masu camfi, sai muka kalli juna. Duk da haka dokinsa Minoru, mai sunan ɗan Eida, ya ci babban tseren Derby na Ingila a 1909 da sunan Sarki Edward na Bakwai, wanda aka ba shi hayar dokin. A 1915 Hall Walker ya miƙa dawakinsa ga gwamnatin Birtaniya, gonar ma ta koma hannunta, sannan ta dawo hannun Ireland a 1943. A ɗakin tarihinsu akwai ƙwarangwal ɗin Arkle, dokin da ya ci kofin zinare na Cheltenham sau uku a jere, 1964 zuwa 1966. Yara sun fi daɗewa a gabansa fiye da ko'ina.

Wata kuwa, in don ni ne, Afrilu ko Mayu. Dalili: a ƙa'idar tsere ta wannan yanki, duk dokin da aka haifa cikin shekara ana ƙirga masa shekaru daga 1 ga Janairu, saboda haka masu kiwo kan so goɗiya ta haihu da wuri. Cikin goɗiya wata 11 ne, haihuwa na kankama daga farkon shekara zuwa wajen Mayu. A watannin nan za ku tarar da 'yan duƙushi a fili, ƙafafu dogaye suna rawa, suna bin iyayensu, ga lambu ya yi fure. Oktoba ma na da kyau, ganye ya rine ja da ruwan ɗorawa, sai dai sanyi da gajeren yini. A duba kalanda kada a faɗa cikin azumi.

Hanya ba nisa, kilomita 50 da 'yan kai, a kan babbar hanyar M7, a fita a lamba 13, ƙasa da awa guda in babu cunkoso. Za ku ratsa filin Curragh da tumakinsa, a ta da yara su gani. Ku kira wurin tun da wuri ku ce ƙungiya ce, ku nemi farashin rukuni, ku tambayi inda aka yarda a ci abincin da aka zo da shi. Akwai gidan abinci, amma mu dambu da soyayyen nama da fulas na shayi muka ɗauko, hankalinmu kwance. A taho da dardumar salla da leda ta shimfiɗawa a ƙarƙashinta, ciyawa kan jiƙe. Azahar a can za ta same ku.

Abu na ƙarshe, kuma na san za a ji haushina. Kildare Village, kasuwar kayan sawa masu rangwame, tana nan kusa, minti kaɗan a mota, kuma wani zai kawo shawarar a biya. In za a biya, a bar shi sai an gama da lambu da dawaki, a yanka lokaci, a faɗa da babbar murya. Direban shata da awa yake aiki, in aka wuce lokacin da aka yi da shi kuɗi ne zai ƙaru, kuma daga aljihun ƙungiya zai fita. Mu a tamu tafiyar mota ta cika ana jiran mutum biyu da suka shige shagon jakunkuna suka kashe waya. Ki rubuta sunan kowa da lambarsa a takarda kafin a tashi daga Dublin, ki ba mutum ɗaya mai kaurin murya aikin kiran suna duk sa'ad da za a shiga mota.