Hajiya, kar ki bari a taɓa gas ɗin firjin nan tukuna

Wa alaikumus salam Hajiya. Wallahi ina karanta tambayarki gabana ya faɗi, don duk abin da kika lissafa sai da na gan shi a gidana. Kin ce firjinku mai ƙofa biyu ya rubuta Er CO a ɗan allon da ke jikin ƙofa, kina danna maɓallan ba sa amsawa, mai gyara kuma ya ce sai an sake fanel gaba ɗaya, wato na'urar lantarkin da ke sarrafa firjin, a ƙara gas. Don Allah ki dakata. Kar ki ba da ko sisi tukuna, kuma kar ki yarda ya fita da komai daga gidan.

Irin waɗannan firjin fanel ɗinsu ba guda ɗaya ba ne. Akwai babba a baya cikin murfi, shi ke tada kwamfuresa, wato injin da ke sa sanyi, da fanka da hitar narkar da ƙanƙara. Akwai ƙarami a cikin ƙofa, wanda kike dannawa. Su biyun suna aika wa juna saƙo ta wasu siraran wayoyi da suka bi ta saman ƙofar, daidai inda take juyawa. In saƙon ya yanke sai allon ya fitar da wannan rubutu. A LG Er CO ne, a Samsung kuma PC Er ko 41. Kamar mutum biyu ne suna waya layi ya katse, ai ba za a ce ɗayansu ya mutu ba. Rubutun bai ce gas ya ƙare ba, bai kuma ce fanel ya ƙone ba.

Namu na wani kamfanin ne daban, amma ciwon ɗaya ne. Ana gab da Babbar Sallah ya fara. Kuma ki ji, yana sanyinsa, allon ne kawai ya ƙi. Mutumin da aka kawo mana ko kallon allon bai yi ba. Ya ɗora tafin hannu a bayan firjin ya ce, "Gas ne." Ina tsaye ya yanke bututu, na ji iskar tana fita fuuu, ya yi ɗure-ɗurensa, ya karɓi kuɗi. Aka kunna, rubutun na nan daram. Sai ya juya ya ce ashe fanel ne. Ranar jajiberi ya kwance babban fanel ɗin, ya naɗe a baƙar leda, wai zai kai kasuwa a gwada, kafin la'asar ya dawo.

Hajiya, daga nan wayarsa ta mutu. Firji ba fanel kuwa akwati ne kawai. Ga ragonmu, ga naman da 'yan uwa suke ta aikowa, ga kason surukata da ta ce in ajiye mata don jikokinta da za su zo bayan Sallah. Maƙwabta kowa firizarsa cike har baki. Baban yara ya yi ta yawon neman ƙanƙara, wadda ya samo kafin dare ta zama ruwa. Na soya abin da zan iya har hannuna ya ɗuri ruwa, mai ya ƙare, ƙarfina ya ƙare. Da safe na buɗe roba na ga kayan ciki sun sake launi, wari ya doke ni, sai kawai na zauna a ƙasan kicin ina kuka. Ba asarar kuɗin ce ta fi ci min rai ba. Naman ibada ne, kuma akwai amanar tsohuwa a ciki. Da bakina na je na gaya mata. Ta ce ba komai, Allah ya mayar da alheri, kuma wallahi wannan haƙurin nata ya fi faɗa zafi a wurina. Har yau in na tuna sai na ji abu ya tokare min wuya.

Sai bayan Sallah ya ɓullo, ko kunya babu, da wani tsohon fanel da lambarsa ma ba ta yi daidai da namu ba. Har ya ɗauko fulaya zai yanke kan wayoyin don su shiga. Baban yara ya hana, ya karɓe namu na asali, ya sallame shi. Ko "ku yi haƙuri" bai ce ba, wai ai kayan zamani haka suke. Na bar shi da Allah.

Wani dattijo ne ƙanina ya kawo daga baya. Tambayarsa ta farko ita ce, "An taɓa cire ƙofar nan?" An cire kuwa, lokacin da muka tare a gidan, don ƙofar kicin ta yi masa kaɗan. Ya hau kujera ya kwance ɗan murfin roba da ke saman ƙofar, ya kira ni in gani. Akwai wani farin mahaɗi da wayoyi kala-kala a ciki. Ɗaya, ruwan ɗorawa, robarta lafiya lau, sai dai ta lotse a wuri guda inda ƙarfe ya danne ta. Ya sa mitar gwada wuta da waya a kai da kai, tana ƙara tiii, ya ce in motsa ƙofar. Ina motsawa ƙarar ta ɗauke. Ashe a ciki ta karye. Ya yanke wurin, ya haɗa da dalma, ya rufe, ya mayar da fanel ɗinmu, rubutun ya ɓace. Gas ɗin da na farkon ya ɓata ne ma ya fi cin kuɗi, don sai da aka sake shi. R600a ne, ana auna shi da giram kamar yadda aka rubuta a takardar jikin firjin, kuma yana kama wuta. A kicin ɗina na farkon ya fitar da shi iska ba gaira ba dalili.

To ke yanzu, fara zare shi daga soket na minti 5 zuwa 10 ki mayar. Wani lokacin wuta ce ta yi rawa fanel ya rikice, hakan kaɗai ya isa. In ya dawo, ki lura da yaushe yake fitowa. In sai an buɗe ko an rufe ƙofa ne, ki zargi wayar sama. In kuma lokacin da aka kawo wuta ne ko aka koma janareta, hankali ya koma kan babban fanel.

Duk wanda zai zo, ya zo da mita. Wanda ya zo da tukunyar gas kawai ki ba shi ruwa ya sha ya koma. Dattijon nan ya ce babban fanel yana tura wa na ƙofa wuta 'yar kaɗan, yawanci volt 12 da volt 5. In ba ta fitowa tun daga can, sai a duba ɓangaren wutar fanel ɗin, sau da yawa kafasita ce, 'yar abar da ke tara wuta a jikin fanel, ta kumbura, kuma ana sake ta ita kaɗai. In tana fitowa amma ba ta isa ƙofa, waya ce ko mahaɗi. In ta isa, wayoyin saƙo ma duk sun yi ƙara a mita, sannan ne za a fara maganar ɗaya daga cikin fanel ɗin. A duba tsatsa a haƙoran mahaɗin, a duba ɓarnar ɓera, su kyankyasai ma suna son ɗumin wurin. Kuma a ɗauki hoton wayoyin kafin a zare ko ɗaya.

Kar ki buɗe bayan da kanki, don Allah, balle in mai inbata ne, wato irin wanda injinsa ke ƙara gudu yana ragewa da kansa. Akwai kafasitar da ke riƙe fiye da volt 300 ko bayan an zare wuta.

Af, in ba ku da sitabilaiza ku nema, mai jinkirta wuta 'yan mintoci kafin ta saki. Firjin nan 220 zuwa 240 yake so, mu kuwa kin san yadda take zuwa mana. In akwai mai ciwon suga a gidan, ki kwashe allurar insulin ki kai wani firjin yau ɗin nan, tsakanin digiri 2 da 8 ake ajiye ta, kar ki dogara da firjin da ba kya ganin lambarsa. Naman ma ki rage, ki soya ki ajiye.

In ta kama dole sai an sake fanel, lambar da ke manne a jikinsa ita za a bi, ba "ai kusan iri ɗaya ne" ba, kuma tsohon ya zauna a hannunki.

Ki faɗa min, an taɓa cire ƙofar ko an ɗauki firjin a mota kwanan nan? Kuma har yanzu yana sanyi? Ki turo hoton allon da na takardar da ke manne a ciki. Allah ya sa abin ya zo da sauƙi.